Sirdin Baya

Maharazu ya sake zagaya jan babur ɗin, ya tsuguna, ya ga fuskarsa a jikin salansar babur ɗin ta yi faɗi kamar faifai. Ɗanmaliki, mai gyara da sayar da babura a bakin kasuwar Rogo, yana gefe yana goge hannu da tsumma, ya ƙyale shi ya sha kallo. Ya san mai irin wannan kallon ba ya komawa gida hannu rabbana.

Babura biyu ne a rumfar, duka na hannu, 'yan Kwatano, kamfaninsu ɗaya, irin masu dogon ƙahon nan da mutum ke zama a kai kamar yana kujerar falo. Jan ƙirar tamanin da tara ne, maɓalli ake dannawa ya tashi. Baƙin kuwa ƙirar tamanin da biyu, sai an buga masa ƙafa, fentin tankinsa ya koɗe, sirdinsa ma ya sha ɗinkin baduku. Abin da Maharazu ya tara zai iya ɗaukar kowanne, don haka ba a nan gizo ke saƙar ba.

Malamin gona ne a Karaye, ya daɗe yana bin ƙauyuka a keke, ya kuma daɗe yana mafarkin jan babur, har matarsa Ramatu ta haddace labarin. Amma ba mafarkin ne ya fito da shi ranar Alhamis ɗin nan ba. Mahaifinsa ne, Malam Sulle na Kafin Dafga, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a daminar bara. Harshe ya dawo, ƙafa tana ɗan ja, hannun ne ya tafi ke nan. Mutumin da a da ko ruwa ake da ƙanƙara ba ya rasa sahun gaba a masallacin Juma'a na Karaye, yanzu iyakarsa zaure. Sau ɗaya Maharazu ya kawo amalanken shanu, ya shimfiɗa katifa a ciki. Tsohon ya dubi amalanken, ya ce shi ba taki ba ne da za a kai gona. Tun daga ranar, in Juma'a ta yi mutane suka fara wucewa, sai ya juya wa ƙofa baya, kuma kullum ƙara ramewa yake.

Ɗanmaliki ya miƙa masa makullin jan ya ce ya ɗana. Maharazu ya hau titi, iska ta cika masa riga, injin yana tafiya sumul. Daɗi ya kama shi har ya ji kunyar kansa. Da ya dawo ya sauka, sai ya tsaya yana duban sirdin baya. A wannan ƙirar an rage shi don kwalliya, ɗan tudu ne da bai fi tafin hannu biyu ba, ba abin jingina. Na baƙin kuwa faffaɗa ne, yana ƙasa-ƙasa, ga majinginar ƙarfe mai soso a bayansa.

Ya je wurin wani mai awo a maƙwabta ya aro buhun gyaɗa. Ya kafa shi tsaye a bayan jan, ba igiya, ya ja a hankali. Ko bakin rumfa bai kai ba buhun ya yi ƙasa tim. Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya jingina shi a bayan baƙin, ya buga ƙafa har gumi ya karyo masa kafin injin ya amsa. Ya zagaya fili, buhun yana nan. Sai a kwana ne ya karkata hagu, da bai kai hannu ba da ya zame.

"Malam, kai buhu za ka riƙa kaiwa unguwa?" in ji Ɗanmaliki yana dariya.

"Tsoho zan riƙa ɗauka. Hannunsa ɗaya ba ya riƙo."

Dariyar ta ɗauke. Ɗanmaliki ya tambayi wane ɓarin ne, da ya ji hagu ne sai ya tura baƙin wurin mai walda, aka ƙara wa matakin ƙafa na hagu faɗi. Ya yanko doguwar roba daga tsohon tub ɗin taya ya naɗa a majinginar, ya ce ko za a buƙata. Aka yi sallama. Maharazu bai yarda ya waiwayi jan ba.

A hanya ransa ba daɗi. Yana jin zafin abin da ya bari a rumfa, yana kuma tsoron kada ya zama ya bar shi a banza. Buhun ya nuna masa gaskiya, ko da majingina sai an ɗaure. Wanda ya ƙi amalanke, wa zai tunkare shi da roba?

Bayan la'asar ya isa Kafin Dafga. Malam Sulle yana kan buzu a zaure. Maharazu ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki, aka yi masa sannu da hanya. Tsohon ya daɗe yana kallon babur ɗin ta ƙofa.

"Ramatu ta ce ja ne."

"Wannan ya fi ƙwari, Baba."

"Ƙarya ba ta taɓa yi maka kyau ba. Kama ni."

Ya kama shi suka fito, ƙafar tana jan ƙasa. Tsohon bai dubi tanki ko madubi ba. Ya dafa sirdin baya, ya kama majinginar da hannunsa mai lafiya ya jijjiga ta, ya sunkuya ya ga sabuwar waldar da ke matakin hagu. Daga nan idonsa ya sauka a kan robar.

"Kwance wannan ka yar. Ni ba buhu ba ne."

Maharazu ya matso. Ya sa hannu yana kwance robar a hankali, kansa a ƙasa, don ba ya so a ga idonsa. Da ya ɗago sai ya ga tsohon yana warware rawaninsa da hannu ɗaya, ya bar hula kaɗai a kansa.

"Shekarar da ƙyanda ta kama ka, da rawani na ɗaure ka a bayana, na tuƙa keke har Karaye. Ban ga wanda ya yi dariya ba." Ya miƙa masa. "Mu gwada yau, kada gobe mu makara."

Maharazu ya tayar da injin, maƙwabcinsu Uba ya taimaka aka ɗora tsohon, ya gyara masa ƙafar a kan matakin. Aka zagaya rawanin ta bayansa, Maharazu ya ƙulle shi a ƙirjinsa. Ya saki birki suka gangara ta gefen gonakin dawa. A kwanar farko ya ƙanƙame kan babur yana jiran nauyi ya rinjaye shi hagu, kamar ɗazu a Rogo. Bai ji komai ba sai numfashin mahaifinsa a wuyansa. Buhun gyaɗar ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba.