Wa Ya Yanke Cibin?

"Tsallake sunayen nan," in ji Mama Ungozoma. "Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Ke kin taɓa ganin namiji a kan gwiwa?"

Na juya shafi. Kwana tara ke nan ina rufe keken ɗinkina da rana, in shiga ɗakinta da ke jikin nawa in karanta mata Linjila, don idonta ya tafi, ƙafafunta sun kumbura. Bayana ciwo yake, ga ɗinkin mutane jibge a kan tebur. Amma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku, har da na farin da bai zo da rai ba. Ba ni da bakin cewa na gaji.

Ni ban san kan littafin ba, ita ta nuna mini. Ta ce mutum huɗu ne suka rubuta labarin Yesu. Markus sarkin gaggawa ne, bai ko tsaya kan haihuwar ba. Yohanna daga can sama ya faro. Matiyu da Luka ne kaɗai suka leƙa wurin mai jego.

"Je ki wurin Luka," ta ce. "Wai likita ne, ko da yake ban ga alama ba."

Na karanta mata yadda sarki ya sa a ƙidaya mutane, Yusufu ya tafi Baitalami da Maryamu da tsohon cikinta, suka tarar masauki ya cika. Ta haihu, ta naɗe jaririn da zane, ta kwantar da shi a komin dabbobi.

Mama ta ja tsaki. "Shi ke nan? Haihuwar fari fa, a garin mutane! Wa ya dafa ruwa? Wa ya yanke cibi? Shekara arba'in na yi a aikin nan, 'yar nan. Na rantse akwai wata mata a wurin. Ba su dai rubuta ta ba."

Wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Ɗanta ne, direban babbar mota. Na fita tsakar gida da wayar.

"Yaya, gobe in Allah ya yarda ina nan," in ji shi.

"Goben nan taka tun makon jiya muke jin ta. Ruwa kawai take sha, shi ma a cokali. In za ka zo, ka zo."

Ya fara lissafa mini kaya da mai mota da lalacewar taya. Na kashe.

"Me ya ce?" ta tambaya da na dawo.

"Yana hanya, Mama."

"Ba ki iya ƙarya ba. Gyara mini filon nan."

Washegari da rana na same ta ta juya fuska bango. Na goge mata jiki, na canza zanen gado, na zauna a kujerar roba. Fanka tana juyawa da ƙyar, wani yana ta fama da babur a waje ya ƙi tashi. Na karanta yadda mala'ika ya zo wa makiyaya, suka bar tumakinsu suka je ganin jariri, Maryamu kuwa ta riƙe komai a ranta. Na dakata ina jiran ta ce wani abu. Ba ta ce ba. Na taɓa hannunta, da sauran ɗumi, amma ƙirjinta ya daina motsi.

Na rufe mata ido, na ja zane. Na tashi na je na gaya wa matar mai gidan da muke haya.

Ɗan ya iso da safe, bayan mutanen cocinsu sun tafi da ita. Ina shara ya shigo. Bai gaishe ni ba. Ya tsaya a tsakar gida da ledar lemo a hannu, yana kallon katifar da muka jingine a bango tana shan rana.