Sa Hannun Zikrullahi

Ranar Talata da hantsi Barista Rahmatu ta sauka daga Keke Napep a ƙofar maɗaba'ar Ndazik da ke Bosso, ta tarar da Malam Ndaliman yana yanka murfin kundayen ɗaliban jami'a. 'Yar maƙwabcinsa ce, a gabansa ta girma, shi ma ya buga katin bikinta. Bayan sun gaisa ta miƙa masa wayarta. Hukumar rajistar kamfanoni ta fitar da jerin kamfanonin da suka shekara goma ba su kai rahoton shekara ba, ta ba su kwana casa'in su gyara ko a soke su. Sunan Ndazik na ciki.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya tambaye ta abin da zai biyo baya idan aka soke. Ta ce makarantun da ke ba shi aikin buga takardun jarrabawa za su janye, domin yanzu kafin a ba kamfani aiki sai an duba ko yana raye a rajista. Gyaran ba wuya, in ji ta, sai dai takardun sun nuna kamfanin na mutum biyu ne.

Haka ne kuwa. A 1998, lokacin da suka yi rajista, doka ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba. Ndaliman ya zo daga Bida da sanin mutane da iya ciniki. Zikrullahi kuwa Bayarbe ne haifaffen Minna, aikin reluwe ya kawo kakansa garin, kuma shi ya san inji. Suka ɗauki farkon sunayensu suka haɗa, ya zama Ndazik. Duk wata takardar gwamnati Zikrullahi ke kula da ita, shi ya sa tun da ya tafi ba wanda ya ƙara tuna rahoton.

"Baba, dokar ta sauya tun 2020," in ji Rahmatu. "Yanzu mutum ɗaya zai iya riƙe ƙaramin kamfani. Ya sa hannu cewa ya sauka daga darakta, ya bar maka kasonsa, shi ke nan."

"In kuma ina so sunansa ya zauna fa?"

Ta ce hakan ma yana yiwuwa, amma sai an samu adireshinsa na yanzu da lambar katinsa na ɗan ƙasa da sa hannunsa. Ko wanne ya zaɓa, sai ya je wurinsa. Ya ce ta rubuto takardun biyu duka.

Ba faɗa ya raba su ba. A 2011 Zikrullahi ya tafi Hajji. A shagon akwai tsohon injin da ya gada daga mahaifinsa, irin wanda ake jera haruffa da hannu, ya cinye rabin ɗaki, kuma ya shekara uku ba a taɓa shi ba. Ndaliman yana neman inda zai ajiye sabon inji mai aiki da kwamfuta, sai ya kira 'yan gwangwan suka kwance tsohon suka tafi da shi. Da Zikrullahi ya dawo, ya tsaya yana kallon ramuka huɗu da ƙafafun injin suka bari a siminti, ya ce Allah ya sa albarka a sabon. Bai ƙara wata magana ba. Daga nan ya riƙa zuwa sau uku a mako, ya koma sau ɗaya. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Kafayatu ta ɗauke shi zuwa Zungeru, inda mijinta ke aiki a dam. A zaman makokin ne suka ga juna na ƙarshe, kuma ban da ta'aziyya ba abin da ya shiga tsakaninsu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ndaliman bai taɓa gaya wa kowa ba, amma da azahar ne abin ya fi damunsa. A da, suna idar da salla Zikrullahi zai sayo amala da miyar ewedu, su shimfiɗa ragowar takarda a kan tebur su ci a kwano ɗaya, yana tsokanarsa cewa Banufe ba ya ƙoshi sai ya ga shinkafa. Yanzu shi kaɗai yake ci, yana sauraren rediyo.

Ranar Asabar ya hau motar Zungeru da takardun biyu cikin ambulan a aljihun babbar riga. Kafayatu ta gane shi tun daga ƙofa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta kai shi filin da ke bayan gidan. Zikrullahi na zaune a kujerar roba a gindin mangwaro. Ya rame, farar yana ta rufe masa idon dama.

"Ɗan Bida," ya ce. "Ka tsufa."

Suka yi dariya kaɗan. Aka kawo ruwa da lemo. Zikrullahi ya tambayi mai shayin bakin hanya, da limamin masallacinsu, da telan da ke jikin shagon. Biyu daga cikinsu sun rasu. Ya tambaya ko har yanzu ɗalibai sai ana gobe ranar miƙa kundi suke zuwa da kuka. Ndaliman ya ce ba abin da ya sauya. Sai bayan la'asar ya iya ciro ambulan ya yi bayani, ya ɗora takardar zama a sama, ta sauka a ƙasa.

Zikrullahi ya juya takardar ta koma kai ƙasa, ya kawo ta kusa da idonsa mai gani. Haka masu jera haruffa ke karatu, kuma bai daina ba. Ya ce wanda ya buga ta ya cinye harafi ɗaya a sunansa. Sannan ya ajiye ta gefe, ya ɗauki ta biyun, ya ce wa Kafayatu ta kawo biro.

Ndaliman ya ce masa ba dole ba ne, lauya ta ce sunansa zai iya zama.

"Na ji. Amma ni ba na iya aikin kuma. Ba na so a riƙa ɗauko mota duk shekara saboda sa hannuna."

Ndaliman ya so ya ce shi zai so ya riƙa ɗauko motar. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne. Ya ce, "Da na jira ka dawo daga Makka."

Zikrullahi ya ɗago kai, biro a hannunsa.

"Da ka jira, ni ma sayarwa zan yi. Injin ya mutu, na sani. Akwai wani ɗan allon tagulla a ƙasansa, babana ya sa an rubuta sunansa a kai. Shi kaɗai na so in cire."

Shekara goma sha uku Ndaliman ya yi yana wuce injin nan kullum, bai taɓa sunkuyawa ya ga allon ba. Ya roƙe shi ya yafe masa. Zikrullahi ya ce ya daɗe da yafewa, nauyin baki ne ya hana shi faɗa. Ya sa hannu a hankali, wuri uku, kamar yadda aka yi alama da fensir. Da Ndaliman zai tafi, ya rako shi har bakin titi yana dafe da kafaɗarsa, ya ce zai leƙo Minna idan damina ta wuce.

Rahmatu ta shigar da takardun kafin wa'adi ya cika. Aka cire Ndazik daga jerin, sunan kamfanin bai sauya ba, sai dai a gurbin masu shi mutum ɗaya ya rage. Ta buga masa shafin a takarda. Ya duba sau ɗaya ya sa a durowa.

A makon ya je wurin 'yan gwangwan. Wanda ya sayi injin ya koma garinsu tuntuni. Wanda ke wurin yanzu ya ce ƙarfe irin wannan ba ya kwana bakwai a hannunsu, kudu ake kai shi a narka, tagulla ma ta fi saurin tafiya.

Duk Juma'a bayan masallaci yana kiran wayar Kafayatu ta miƙa wa mahaifinta. Hirar ba ta tsawo, domin kunnen Zikrullahi ya yi nauyi, rabin maganar maimaici ne. Damina ta wuce bai zo ba. Kafayatu ta ce ƙafarsa ce ta kumbura, likita ya hana shi doguwar tafiya, sai dai ko wata mai zuwa. Ndaliman ya ce ba komai, Allah ya ba shi lafiya. Ya ce ta ƙara miƙa masa wayar, akwai abin da ya manta bai gaya masa ba.