Rariyar da ke Tsakanin Batulu da Namadi

A Bagudo, bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, an yi wata rigima a kan rami. Rami fa, ba gona ba. Wata 'yar rariya ce a gindin katangar da ta raba gidan Batulu da na Namadi, inda ruwan sama ke bi.

Batulu tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun tsallaka Dahomey fatauci. Abin da ta mallaka rumbun gero ne guda, yana jingine kusa da ramin nan. Namadi kuwa mai kai kyafaffen kifi bakin iyaka ne. Tun zamanin mijin Batulu da uban Namadi aka yi alkawari: kafin damina gida ɗaya ya yaɓe katanga, ɗaya ya yashe rariya. Har fartanya ɗaya suke da ita, tana rataye a kan katangar.

To, sai Namadi ya dawo daga Dahomey da buhun siminti, ya ce ya gaji.

"Inna, kowa ya riƙe ruwanai," in ji shi. "Zan toshe ramin ga."

Batulu ta dafe ƙirji. Duk damina tana ganin ruwa ya taru bayan rumbunta, yana jiran ya samu hanya ya wuce gidan Namadi. In aka toshe, ai gindin rumbu zai jiƙe, gero ya tafi.

Suka je gun mai unguwa, Ɗanmusa. Shi kuma ya ce alkawarin iyaye ba a kwance shi sai an faɗi yadda aka ƙulla shi, a gaban mutane.

"To, wa ke yaɓe, wa ke yasa?"

"Mu ke yasa," in ji Batulu. "Yaɓen da nake sawa a yi, taimako ne."

"A'a Inna, mu ke yasa! Yaɓen ne naku. Ni ma tausayi ya sa nake yi."

"To in kai ke yasa, mi nake yi da fartanya duk shekara? Susa?"

Aka yi dariya. Ɗanmusa ya tura hula gaba, ya ce ashe kowa na yin duka biyu ke nan, kuma kowa na ganin alfarma yake yi wa ɗan'uwansa. Aka kira Goggo Dela, wadda ta ga ranar da aka ƙulla abin. Ta ce ta tuna an raba goro, fari ne ma, mai daɗi. Sauran kuwa ba ta riƙe ba.

Aka ɗunguma zuwa gindin katanga da tulun ruwa, a ga ina yake nufa. Aka zuba. Ƙasar bazara ta shanye shi tas, ko ɗigo bai motsa ba. Aka tsaya ana kallon danshi kamar zai yi magana.

Daga ƙarshe Ɗanmusa ya gaji, ya ce tunda ba wanda ya san abin da ke kansa, an sauke wa kowa. Aka yi fatiha. Namadi ya liƙe ramin da siminti, ya ce Inna ta riƙe fartanyar, ya bar mata. Batulu ta karɓa, ba ta san ko kyauta ce ko kora ba.

Ranar da hadarin fari ya haɗo da la'asar, ta ɗauko ƙwarya ta tsaya gefen rumbu, wai ta riƙa kwarfe ruwa. Aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Ta jira. Ta sake jira. Ruwan gidanta ya bi ta ƙofar zaure ya fice abinsa, bayan rumbu kuwa ko idon sawu bai kai ba.

Can sai ta ji awaki na kuka ta bayan katanga, tukwane na karo da juna. Sai ga kan Namadi ya leƙo, jiƙe sharkaf.

"Inna! Ruwanki ya cika mini gida!"

"Ta ina, ɗan nan? Ba kai ka toshe ba?"

Ya dubi simintin, ya dubi ƙafafunsa.

Ashe shekara da shekaru takin awaki da ƙasar tsohon ɗakin da ya rushe sun ɗaga tsakar gidan Namadi. Ruwan da Batulu ke gani bayan rumbu ba fita yake jira ba, shigowa yake yi.

"To a fasa simintin mana, Inna."

"An yi fatiha," in ji ta. "Ni ban san yadda ake mayar da fatiha ba."

Ta shafa gindin rumbunta, ta ji shi a bushe ƙam. Sai ta miƙa masa fartanyar ta saman katanga.

"Ungo, ka haƙa taka hanyar ta waje. Aro ne fa. Ko taka ce? Oho, ka dai dawo da ita."