Hular Hammadi

Duk wanda ya san Ɗanlaraba direban taksi a unguwar Nzeng-Ayong ta Libreville, babban birnin Gabon, ya san ba mutumin yawon buɗe ido ba ne. Wanda ke wuni a kan sitiyari, me za a nuna masa ta taga? Amma da ƙungiyar 'yan kasuwa Musulmi ta shirya tafiyar wuni ɗaya a jirgin ƙasa zuwa Ndjolé, don a ga tsibirin da Faransawa suka tsare Almami Samori har ya rasu, shi ya fara yankar tike. Ba Samori ne ya dame shi ba, Allah ya ji ƙan Samori. Ji ya yi Hammadi zai je. Hammadi kuwa ya riga ya sayar da shagonsa na Oloumi, ƙarshen wata zai kwashe iyalinsa ya koma Garwa ta Kamaru gaba ɗaya.

Hammadi Bafillace ne, Ɗanlaraba Babarbare daga Damagaram. To ka san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, wasa ne na kaka da kakanni. Kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, a fizge wa juna hula sai an fanshe ta da goro, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Tun suna samari a tashar jiragen ruwa ta Port Môle, ɗaya na dako ɗaya na tallan agogo, ba su taɓa yi wa juna gaisuwar mutunci ba. "Fillo, ina ka ɓoye mini shanuna?" "Rufe mini baki, bawan gidanmu, zo ka ɗauki takalmina." Da haka suka yi aure, da haka suka haifi 'ya'ya, da haka kowa ya taya ɗan'uwansa zaman makoki lokacin da iyaye suka rasu a gida ba a samu zuwa ba.

Bakin Ɗanlaraba ne ya ɓata komai, bakin nan da ba shi da birki. Djaïba 'yar Hammadi ta samu miji, wani malamin makaranta ɗan Gabon da ya musulunta, danginsa mutanen bakin teku ne masu ji da asali. Ranar da kawunnansa suka zo gaisuwa, sai ga Ɗanlaraba ya faɗo falo, ya tsaya a tsakiya, da Faransancinsa na tasha ya ce musu sun ɓata gida. Wannan tsoho bawansa ne, kakansa ya sayi kakan wannan, yarinyar ma tasa ce, saboda haka shi za a roƙa. Ya tsaya jiran dariya. Ba wanda ya yi sai shi. Kawunnan suka ƙarasa lemonsu, suka yi sallama, ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Yaron ya yi bayani har ya gaji, suka ce ba a faɗa wa mutum irin wannan magana a gidansa ya yi murmushi sai in gaskiya ce.

Hammadi ya aika masa ya je ya warware abin da ya ƙulla. Ɗanlaraba ya ce shi? Ya je ya durƙusa saboda Fillo? A ina aka taɓa yi? Ya ce mutanen da ba su san wasa ba ai ba surukan arziki ba ne, gode masa ma ya kamata a yi.

Hammadi bai zage shi ba, bai daina yi masa magana ba. Da ma haka ya yi, da sauƙi. Gaishe shi ya fara yi. "Alhaji Ɗanlaraba, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya aiki?" da hannu biyu, da ɗan rusunawa, kamar ya gamu da limamin wata unguwa. Wannan gaisuwa ta hana Ɗanlaraba sukuni. Abu ɗaya yake so kafin mutumin ya bar ƙasar: ya ji an ce masa bawan gidanmu, ko sau ɗaya.

Da sassafe suka taru a tashar Owendo. Ɗan jagoransu wani ɗan Gabon ne mai suna Momo, siriri, da jar riga da ƙaramar lasifika rataye a wuya. Ya tara su a bakin wagon, wato taragonsu, yana karanto musu dokoki: kada a leƙa kai waje, kada kowa ya rabu da jama'a, kada a taɓa komai a tsibirin. Ɗanlaraba ya ja tsaki. Yaron da aka haifa shekaranjiya ne zai koya wa dattawa zaman jirgi! Ya ture mutane ya shige, ya je ya zauna daidai gaban Hammadi, gwiwa na gogar gwiwa, alhali ba kujerarsa ba ce.

Hammadi na sanye da farin boyel da hularsa zanna mai ruwan toka, wadda ba a taɓa ganin kansa babu ita ba sai wajen alwala. Djaïba na gefensa ta taga, da kwandon abinci a cinya. Yarinyar da Ɗanlaraba ya goya a wuya, wadda ke kiransa Baba Barebari tana lalube masa aljihu, ta ɗago ta dube shi.

"Bonjur, Mushe," ta ce da Faransanci, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon namiji, ta mayar da fuska taga.

Jirgi ya yi kuka ya ja, gidajen kwano suka fara wucewa, sannan fadama, sannan daji ya rufe su hagu da dama, baƙi ƙirin don tsabar kore.

"Fillo," in ji Ɗanlaraba da ƙarfi yadda duk wagon zai ji, "dubi daji iya ganinka, ba saniya ko ɗaya. Shi ya sa ka bushe kamar sandar kiwo."

'Yan kujerun kusa suka yi dariya, suka juya suna jiran ramuwa.

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Hammadi. "Daji ne mai kyau, tubarkalla."

Dariyar ta mutu. Momo ya zo yana ta zuba ta lasifika, yana nuna wani dogon jirgin gungumen katako da aka tsaya ya wuce, yana ba da labarin yadda aka sare dajin nan aka shimfiɗa dogo. Ɗanlaraba bai ji ko kalma ba. Ya ce Fulani ba su san jirgi ba, a riƙe wannan kada ya yi amai. Ya ce wa ya ba bawa izinin zama kan kujera ubangidansa na nan? Ya tono tsohon labarin ranar da Hammadi ya fara ganin teku ya tambaya wa ke shayar da shanu a nan. Kowace ya jefa, sai Hammadi ya karɓe ta da "Haka ne, Alhaji," ko "Allah ya ƙara girma," idonsa a kan carbinsa.

Da hantsi Djaïba ta buɗe kwando ta zuba shayi. A da, kofin Hammadi Ɗanlaraba ke fizgewa ya kurɓa ya ce nono ya yi yawa. Yau sai ta ciro wani kofin tangaran mai fure, ta goge shi, ta ɗora a faranti, ta miƙa masa da hannu biyu kamar baƙon da ba a san sunansa ba. Ya karɓa, don ba yadda zai yi. Shayin ya yi daɗi, shi ya fi ba shi haushi.

"Ke 'yar bayi," ya ce, "sukari ya ƙare a gidanku ne?"

"Ni ba 'yar bayi ba ce, Mushe," ta ce a hankali. "Amma akwai waɗanda har yau suka ɗauka haka ne. Kun san su."

Wani dattijo a bayansu ya yi gyaran murya. Da haka har jirgi ya tsaya.

Daga tashar Ndjolé aka kwashe su a mota zuwa bakin kogin Ogooué, aka zuba su a kwalekwale masu inji. Ruwa ja, faɗi kamar ba iyaka. A tsibirin Momo ya tsayar da su ƙarƙashin manyan itatuwa, ya nuna musu wurin da ya ce nan tsohon ya ƙare kwanakinsa, nesa da ƙasarsa da mutanensa. Wasu suka ɗaga hannu suka yi fatiha, matasa suka shiga ɗaukar hoto. Hammadi ya ja gefe, ya tsaya shi kaɗai yana kallon ruwa.

Ɗanlaraba ya bi shi.

"Kai, wai har yaushe? Gaba kake da ni?"

"Subhanallahi, Alhaji. Ban gaishe ka ba yau?"

"Ka bar ce mini Alhaji! Uban wa ya kai ni Makka? Zage ni mana, in kai ɗan halak ne. Wasa ne fa, Fillo! Kakanninmu sun yi, mu mun yi. Don wasu jahilai ba su gane ba shi ke nan sai a kashe ni?"

Hammadi ya juyo. Karo na farko a ranar ya dube shi ido cikin ido.

"Ba don ba su gane ba ne. Na aika maka. Tafiyar da ba ta kai kuɗin taksi ba, da motarka a ƙofar gida. Yarinyar nan ta daina cin abinci, ta daina zuwa aiki, kai kana tasha kana ba direbobi labari suna dariya. Har gida aka kawo mini." Ya numfasa, fuskar ta koma yadda take. "Ga jama'a can suna tafiya, Alhaji. Kada mu tsayar da su."

Nan fa ya kamata mai hankali ya yi shiru, ko ya faɗi kalma biyun da kowa ya sani. Amma a ganin Ɗanlaraba ba a ba abokin wasa haƙuri, ranar da ka ba shi ka yarda kenan wasan ya mutu. Sai ya yi abin da ya iya. Ya kai hannu ya fizge hular.

Kan Hammadi ya fito fili, sanƙo a tsakiya, furfura fara fat a gefe. Ɗanlaraba ya ja da baya yana kaɗa hular sama.

"Jama'a ku shaida! Hular bawana na hannuna. Goro goma da kirari, ko ya koma Libreville kai ba hula!"

Dattawan Nijar da na Kamaru suka juyo, fuskoki suka saki, don kowa ya san wannan wasa kuma kowa ya gaji da zaman ɗar-ɗar ɗin. "Fanshi hularka, Hammadi!" "Kada ka bar Babarbare ya ci bulus!" Momo ya taho da gudu yana tambaya ko faɗa ne, aka ce masa ya tsaya ya ga al'ada. Ɗanlaraba ya ƙura wa bakin Hammadi ido. Wallahi ya ga leɓen ya motsa, ya ga zagin ya taho har bakin haƙora, irin mai zafin nan da ya yi kewa.

Sai Hammadi ya waiwaya ya dubi 'yarsa. Tana tsaye rungume da kwando, ba ta dariya.

"Ta yi maka kyau, Alhaji?" ya ce. "Riƙe ta. Na ba ka, halak malak."

Ya juya ya nufi kwalekwale, rana na dukan tsakar kansa.

Haka ya ƙetare kogin. Haka ya yi azahar da la'asar a tasha, a sahun gaba. Wani ya miƙa masa hankici ya rufa, ya ce ya gode, iska yake sha. Dattijo mai 'ya'ya da jikoki, zaune cikin jirgi kai tsirara, kowa ya wuce sai ya kawar da ido, in ya kawar kuma a kan Ɗanlaraba yake saukewa. Ba wanda ya ƙara yi masa magana. Hular ta zame masa garwashi, ya rasa inda zai sa ta. Da Hammadi ya tashi zagayawa, ya lallaɓa ya ajiye ta a kujerarsa, ya koma can ƙarshen wagon ya zauna. Bai gama zama ba sai ga Djaïba a kansa.

"Mushe, kun manta kayanku."

Ta ɗora masa a cinya ta koma.

Ana kiran magariba jirgi ya shiga Owendo. Momo ya tsaya a ƙofa yana gode wa kowa, yana fatan sun ji daɗin tafiya. Ɗanlaraba ya kutsa cikin jama'a ya cim musu a bakin titi, Djaïba har ta tare taksi, taksin wani. Ya riƙo hannun rigar boyel ɗin.

"Hammadi," ya ce. Rabonsa da kiran sunan nan tun Port Môle. "Ka yi haƙuri. Gobe in je wajen mutanen nan. Wallahi in je."

"Yaron ya yi aure watan jiya," in ji Hammadi. Ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ɗan rusuna. "Ba komai, Alhaji. In ba mu sake ganawa ba, mu yafi juna. A gaida iyali."

Ya shiga, ƙofa ta rufe. Ɗanlaraba ya ga farin kan ta gilashin baya har motar ta sha kwana.

Ya taka zuwa inda ya bar tasa taksin tun safe, ya buɗe ya zauna, ya ajiye hular a kujerar gaba. Tana ƙanshin turaren Hammadi da zufarsa. Wata mata da kaya niƙi-niƙi ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko Nzeng-Ayong zai je, ta kama murfin ƙofar gaba za ta buɗe.

"Da mutum a nan," ya ce mata. "Shiga baya."