Layi Huɗu a Cikin Rigar Malama

"Ƙara matse ta nan wajen kafaɗa," in ji Malama. "Kar Auta ta ga wuyan yana lilo."

Tela ta zare fil daga bakinta ta soka. Karo na huɗu ke nan tana rage wannan shuɗiyar rigar, wadda ita da kanta ta ɗinka wa tsohuwar bara, lokacin da damtsenta da ƙyar yake shiga hannun. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin ɗinkinta da gidan Malama, tsohuwar malamar firamare. Ta katangar nan ta fara jin tarin, har ya kai ta ajiye almakashi ta koma jinya.

Duk Asabar ƙarfe huɗu Auta, 'yar Malama, take kiran bidiyo. Ita kaɗai ta rage wa Malama a duniya, kuma wata tara ke nan da ta tsallaka wata ƙasa aikin sa-kai, wai koyar da marayu da rainonsu. Wai! In Tela ta tuna sai ta ja tsaki. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Tana can tana share wa 'ya'yan wasu majina, wadda ta share mata tata tana nan ba ta iya ɗaga kofi.

Kafin kiran akwai aiki. A tura magunguna ƙarƙashin gado, a ɓoye kwanon tofi, a jera filo uku a baya, a sa kwalli, a shafa hoda, a ɗaura ɗankwali. Sannan Tela ta riƙe wayar sama-sama, fuska da kafaɗa kawai.

Wayar ta yi ƙara. Ga Auta nan, goye da wani jariri, yara sun yanyame ta suna waƙa.

"Mama, kin yi kyau wallahi. Kin ga wannan na gefena? Jiya ya fara rubuta sunansa."

"Madalla," in ji Malama, tana haɗiye tari. "Ki riƙa kama masa hannu, kar ki rubuta masa."

"Anti, kina dai kula min da ita ko?"

"Ina fa," in ji Tela.

Ta daɗe da lura da idon yarinyar. Ba uwarta take kallo ba. Can ƙasan gilashin take kallo, inda 'yar fuskarta take fitowa, tana gyara mayafi.

Da aka kashe, Malama ta sulale kan filo tana haki.

"Mama, ki bar ni in gaya mata," in ji Tela.

"Saura wata uku ta gama. Ni na ce ta tafi. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa barin aji a tsakiyar zango ba."

"Aji daban, uwa daban."

"Kin dai yi min alkawari bakinki ba zai faɗa ba."

Ta yi, kuma tana da-na-sani. Amma baki aka ce, ba a ce hannu ba. Asabar da ta biyo, ana tsakiyar hira, Tela ta sauke wayar a hankali, da gangan. Ta nuna hannuwan Malama da suka koma kamar tsinke, ta nuna kumburarrun ƙafafu, ta nuna kwalaben maganin da ta ƙi turawa ciki sosai. Ta tsayar da ita a nan, tana jiran yarinyar ta ce wani abu.

"Anti, wayar ta karkace," in ji Auta. "Ɗan ɗaga ta. Yara za su yi wa Mama sabuwar waƙa."

Tela ta ɗaga. A ranar ta daina jin haushin yarinyar, raini ne kawai ya rage mata.

Laraba da hantsi tana yanke wa Malama farce. Ta gama hannun dama, ta ce, "Kawo ɗayan." Ba a kawo ba. Ta ɗago kai ta ga idon ya tsaya a kan labule. Ta yi salati, ta rufe mata ido, ta zauna jim riƙe da hannun da ba ta yanke ba. Kafin la'asar an kai ta.

Kwana huɗu bayan nan Auta ta iso, da akwati mai taya da damin takardun da yaran suka zana wa Mama furanni. Tun daga bakin ƙofa take kuka, matan layi suna riƙe ta.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min? Anti, ranar Asabar fa lafiyarta ƙalau. Da idona na gan ta."

Tela ta dube ta sama da ƙasa. Maganganu sun cika mata baki, wata tara tana tara su. Amma ta yi alkawari. Sai ta shiga ɗaki ta ciro shuɗiyar rigar daga ƙusa, ta juya cikinta waje, ta zaunar da yarinyar, ta shimfiɗa mata a cinya.

"Mene ne wannan, Anti?"

"Ke malama ce. Ƙirga."

Ta koma ɗakin ɗinkinta, ta zauna gaban keke ba ta taka ba. Ta 'yar ƙofar jikin katangar da ke buɗe tana hango yarinyar a tsakar gida, kukan ya ɗauke. Ɗinki layi huɗu ne a gefen rigar, kowanne ya fi na baya shigewa ciki. Auta ta ɗora yatsa a kan na farko, tana bin sa a hankali daga hammata zuwa ƙasa.