Baƙon da Ya Zo Duba Wayar Talabijin

Labbo ke raba wa gidajen Rawayya tashoshin talabijin ta waya daga satalayit ɗinsa. Ranar Laraba wani baƙo ya sauka daga babur, ya ce ƙaramar hukuma ta turo shi duba aikin.

"Malam, nuna mani duk gidan da wayarka ta shiga, ko in kwance satalayit ɗin."

A sanin Labbo ma'aikacin hukuma sai ya gaida mai gari yake fara aiki. Wannan kuwa idonsa na kan garkunan shanun mutane.

"To, ranka ya daɗe, mu fara zuwa wurin mai gari."

Baƙon ya ce bari ya gyara wa babur tsayuwa. Labbo na nan tsaye ya ji ƙarar injin ta nufi daji.