Ruwan Mashigin Tarwadi

Shantaram ya dafa 'yar tukunyar jan ƙarfen a kan gwiwarsa, yana neman huda murfin da ƙusa. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye a ɗakin bautar gidansu, an liƙe bakinta da dalma, cike da ruwan kogin Ganga mai tsarki da wani maƙwabci ya kawo tsaraba. Don rana irin ta yau aka ajiye ta, a ɗiga wa mai shirin cikawa a baki. Da safen nan likita ya ja su gefe, shi da yayarsa Kalindi, ya ce zuciyar mahaifinsu ta gaji, da wuya ya kai dare.

"Bar ta," in ji Baba daga kan gadon asibiti. Muryar kamar daga ƙasan rijiya.

"Baba, tirtha ce fa, ruwa mai tsarki. Ga ganyen tulsi na ibada ma na tsinko."

"Na taɓa ganin Ganga ne? Ita ta san ni?" Ya juya ido wajen 'yarsa. "Kali, ruwan mashigina nake so. Na Tarwadi. Cokali ɗaya ya isa."

Shantaram ya ajiye ƙusar. "Ruwan gishiri da taɓo? Yaya, yi masa magana mana, ke ce malama. Shekara ashirin kina zaune a birnin Pune kan wannan kalmar tirtha, gaya masa abin da littafi ya ce."

Kalindi ta yi lissafi a zuci. Awa biyu ne zuwa Tarwadi a jar bas, awa biyu dawowa, in hanya ta yi kyau. Tana iya tafiya ta dawo ta tarar an ja masa zane har ka, ita tana riƙe da kwalba. Ta dubi hannun mahaifinta a kan bargo, hannun da ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgin fito, tafin har yanzu da kanta. Ta zazzage sauran ruwan da ke kwalbarta a tukunyar fulawar taga, ta sa takalmi.

"In ya tafi ba kya nan, kada ki zo kina yi mini kuka," Shantaram ya biyo ta da magana har baranda. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, don haka ya yi ta faɗa.

Bas ta fita daga Ratnagiri ana yayyafi. Ta sami wuri kusa da taga, gefen wata mata mai kwandon busasshen kifi. Da can warin nan ne ya kore ta daga gida. Tana 'yar shekara goma sha takwas ta ci jarrabawa ta tafi Pune, ta wanke harshenta tas har ba mai jin bakin teku a maganarta, ta sami aiki a wani ofishi da ake haɗa babban ƙamus. Aikin kuwa na masu haƙuri ne: ɗaki cike da akwatunan katako, kowane akwati cike da ƙananan katuna, kowane kati da jimla ɗaya da aka kwafo daga tsohon littafi. Akwatin da ya faɗo hannunta na kalmar tirtha ne, kuma ta tsufa a kansa.

Motar na lilo a kan tudu, itatuwan mangwaro da kwakwa na wucewa cikin hazo, sai katunan suka fara zuwar mata ɗaya bayan ɗaya, kamar tana barci ido buɗe. A mafi tsufan Sanskrit, tsohon harshen littattafan, ma'anarta wurin da kogi ya yi ƙasa ne har mutum ya ratsa da ƙafa. Daga nan matakalar da ke gangarawa ruwa. Daga nan garin da ake tafiya ziyarar ibada, kuma a haka masu Hindi da Bangla suka fi riƙe ta. Wani wurin ma malami ne, mutumin da ake bi ta kansa a ƙetare. Can kudu, wajen masu Tamil, da nan wajensu masu Marathi, ta koma ɗan ruwan da mai kula da ɗakin bauta yake zuba maka a tafin hannu ka kurɓa, ka shafe saura a ka. Ta ga kalmar tana tafiya da ƙafa daga gari zuwa gari, zaninta a jiƙe har gwiwa, kowa ya ba ta masauki ya sake mata suna.

Akwai kuma katin da ba ta son taɓawa. A Marathi, in ɗa zai rubuta wa mahaifinsa wasiƙa, da wannan kalmar yake buɗewa, don girmamawa. Haka ta riƙa yi duk wata. Baba bai iya karatu ba, mai kawo wasiƙa ke karanta masa a bakin ruwa, shi kuma ya yi ta dariya yana gaya wa fasinja 'yarsa ta mai da shi wurin ziyara. Wasiƙun sun yi ta zuwa. Ita ce ba ta zuwa. Ko da aka gina gada aka jingine jirgin, Shantaram ya ɗauke tsohon zuwa birni, ba ta je ta ga yadda ya rabu da wurin ba. Wannan abin yana cinta, kuma yau ya fi kullum.

"Tarwadi! Mai sauka ta sauka, ba kwana za mu yi ba," in ji kwandasta.

Ta sauka a bakin gada wajen ƙarfe ɗaya. Hanyar da ke gangarawa mashigin ciyawa ta cinye ta. Ta bi a hankali tana riƙe da gefen zanenta na sari, har ta iso matakalar jan dutse. Tana yarinya ta san guda tara ne. Ta ƙirga, tara ɗin ne, sai dai sun ƙanƙance. Turken da ake ɗaure jirgi yana nan, ya yi baƙi. Sama da kanta manyan motoci na wucewa a kan gada, ba wanda ya leƙo.

"Wace ce wannan da takalmin birni a cikin taɓo?"

Wata tsohuwa ce zaune a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa tana ɓare ƙananan kawa, katantanwar teku, da wuƙa. Kalindi ta gane ta da ƙyar. Yamuna ce, wadda take sayar da shayi ga masu jiran fito.

"Goggo, ni ce. Kali, 'yar Dhondu."

"Kali mai toshe hanci! Ashe kina raye. Har kin yi furfura ba ki gaya wa kowa ba." Ta kare ido da hannu ta dube ta da kyau, ta ga kwalbar. Wuƙar ta tsaya. "Jikin nasa ya kai haka?"

"Likita ya ce yau."

"Likita." Tsohuwar ta tofar da yawu gefe. "Mutumin da ya haye da amarya da gawa a jirgi ɗaya, ranar da ruwa ya ci gonar kowa? Je ki ɗebo masa. Cire takalmin nan, sakarya, taɓon zai ƙwace shi."

Ruwan ya yi nisa da matakala. Ta taka taɓo mai ɗumi har idon sawu, ƙananan ƙaguwa na gudu gabanta, ta kai inda ruwan yake kwance shiru, launin shayi da madara. Da ta sunkuya sai ta ji kamar an kira ta daga tsallake, irin doguwar kiran da masu jiran jirgi suke yi da yamma. Ta ɗaga kai. Ba kowa sai wani farin tsuntsu tsaye da ƙafa ɗaya. Ta cika kwalbar ta toshe, ta tsaya ɗan lokaci ruwan na wasa da ƙafarta, ba ta son fita.

A dawowa bas ta tsaya sau biyu, sau ɗaya don shanu, sau ɗaya don direba ya sha shayi. Kalindi ta rungume kwalbar a cinya, wayarta a ɗaya hannun. Duk sanda wayar ta yi motsi sai ta ƙara damƙe ta. Ba ta kira ba, don tana tsoron abin da za a gaya mata.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta hau matakalar asibitin da gudu, taɓo ya bushe a ƙafarta. Shantaram na tsaye a ƙofar ɗaki. Ya dubi ƙafar, ya dubi kwalbar, ya matsa mata.

"Tun ɗazu yake tambaya ko kin faɗa ruwa."

Ta zauna a bakin gado. Numfashin Baba ya yi sama-sama, leɓensa ya bushe. Ta tsiyaya ruwan a cokali, Shantaram ya tallafo kan tsohon ya sa masa ganyen tulsi a gefen baki. Ruwan ya shiga. Baba ya riƙe shi a baki, ido rufe, ya daɗe bai haɗiye ba. Su biyun kowa na jiran abin da ya sani.

Sai tsohon ya yamutsa fuska.

"Wannan na janyewa ne."

"Na'am, Baba?"

"Ruwa na janyewa kika ɗebo. Duk taɓo, ba gishiri." Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta. "Shekara ashirin kina karatu, ba wanda ya gaya miki ba a sakin jirgi sai ruwa ya ciko? So kike in kafe a tsakiya mutane su yi mini dariya?"

Shantaram ya saki wata irin dariya mai haɗe da kuka, ya juya wa gadon baya.

"Yau kwana nawa ga wata?" Baba ya tambaya.

"Goma sha ɗaya," in ji Shantaram.

Leɓen tsohon ya yi motsi, yana lissafi da yatsa a kan bargo. "Zai ciko bayan faɗuwar rana. Ni kuwa ban taɓa fito cikin duhu ba, ba yau zan fara ba. Sai na gobe da safe." Ya lalubo hannun Kalindi ya riƙe, riƙon da ƙarfinsa ya ba ta mamaki. "Ki koma. Ki tsaya a matakala ta uku, ruwan zai zo ya same ki da kansa. Zan jira."

Ya rufe ido. Kalindi ta zauna tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, a hankali, amma yana yi. Can ta ɗago ta dubi ƙaninta.

"Bas ɗin farko ƙarfe nawa take tashi?"